Labaran Ban Tsoro da na Al'ajabi Suna Bukatar Mujallarsu a Katsina

A ƙasar Birtaniya akwai wata ƙungiya ta masu sha'awar labaran al'ajabi da na ban tsoro mai suna British Fantasy Society, wadda aka kafa a shekarar 1971. Ba kamfani ba ce, ba kuma sashen wata jami'a ba ce. Mambobi ne ke biyan kuɗin shekara, 'yan sa-kai kuma su ke gudanar da aikin bayan sun tashi daga wuraren neman abincinsu. Ta daɗe tana fitar da wata mujalla mai suna Dark Horizons, daga baya aka raba aikin gida biyu: BFS Horizons ta ɗauki gajerun labarai da waƙoƙi, ita kuwa BFS Journal ta ɗauki sharhi da nazari. Ƙungiyar tana da babban taro na shekara-shekara da ake kira FantasyCon, inda ake bai wa marubuta kyaututtuka, amma ni ba taron ne ya ja hankalina ba. Mujallar labarai da waƙoƙin ce, domin ita ce abin da marubutan Katsina da Daura za su iya yi ba tare da sun jira gwamnati ko wani attajiri ba, kuma ita ce abin da ba mu da shi.

Kayan aikin dai muna da su har sun yi yawa. Duk ɗan makaranta ya san labarin rijiyar Kusugu a matsayin tarihin asalin Hausa Bakwai, kuma saboda yawan maimaita shi a aji mun daina jin tsoron da ke cikinsa. A sake duba shi da idon mai rubuta labari. Ga gari guda da macijin da ake kira Sarki ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ga baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta gaya masa gaskiyar halin da ake ciki, ya karɓi guga duk da haka ya nufi rijiya shi kaɗai. Ya zura gugan cikin duhu, sai ya ji an riƙe igiya daga ƙasa. Wannan lokaci da igiya ta yi nauyi a hannun Bayajida ya isa ya zama labari sukutum, amma ban taɓa karanta wanda ya tsaya a kansa ba. Haka nan ban ga wanda ya rubuta labarin daga bakin ita Ayana ba, tana zaune a ɗaki tana sauraron ko baƙonta zai dawo, ko daga bakin yarinyar da ke tattalin randa guda ta ruwa tun daga Asabar har Alhamis. Ga kuma kaburburan Durɓi Ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda aka binne sarakunan farko da kayansu, ga dodon tatsuniya, ga kura mai rikiɗa, ga tsamiyar bakin gari da ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana.

Rubutun al'ajabi ma ba baƙo ba ne a wajenmu. Lokacin da Hukumar Fassara ta shirya gasar ƙagaggun labarai a shekarar 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, kuma littafin da ya shiga gasar da shi, Ruwan Bagaja, tafiya ce ta neman ruwan magani da ta kai tauraron labarin har ƙasar aljanu. Wato ƙagaggen labarin Hausa na boko da al'ajabi ya buɗe ido. Daga baya littattafan yaƙi suka cika kasuwa, da jarumansu da matsafansu da takubbansu na sihiri, har gidajen rediyo suka riƙa karanta su da dare, kuma a yau irinsu na yawo a WhatsApp da Facebook shafi-shafi.

Matsalar tana wajen tsawo. Marubuciyar da ke sakin labari a zauren WhatsApp dole ta ba masu karatu shafi kusan kullum, in ba haka ba su koma wani zauren. Sai ka ga labari ya fara da kyau: amarya ta tare a sabon gida, kullum da asuba tana tarar da turmi a jiƙe kamar an yi daka cikin dare, alhali ita kaɗai ce mace a gidan. Mai karatu ya riga ya kamu. Amma da yake dole labarin ya kai wata biyu, kafin a yi nisa an bayyana aljanar, an ba ta suna da dangi, ta fara kishi da amarya, uwar miji ta shigo, labarin ya koma na kishiya da aka saba. Tsoro ba ya jure irin wannan jan. Abin da aka gani da rana tsaka, aka san sunansa, ya daina firgita mutum. Labarin turmin nan shafi huɗu ko biyar yake bukata, a tsaya tun mai karatu bai san wanda ke dakan ba. Sai dai babu inda marubuci zai kai labari mai shafi biyar a karɓa da mutunci. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a shekarar 2016 ta nuna cewa mata marubuta sun iya gajeren labari ƙwarai, amma sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma akasarin labaran da ke fice a cikinta kan matsalolin zamantakewa suke. Mujalla ce ke ba gajeren labari mazauni na dindindin.

Wani zai ce to me ya kawo waƙa cikin mujallar labaran ban tsoro. A ganina mu ne ma ya kamata mu fi Turawa gane dalilin. Duk wanda ya saurari tatsuniya a bakin kakarsa ya san cewa ba a zancen tsoron yake ba, a waƙar yake. Tana cikin labari da muryarta ta yau da kullum, sai ta kai inda dodo ya iso bakin ƙofa, ta yi shiru kaɗan, ta kumbura murya ta rera kiran da yake yi wa yarinyar da ke ciki, sannan ta siranta murya ta rera amsar yarinyar. Sau uku ake maimaitawa, kowane karo dodon ya ƙara matsowa, yara kuma na ƙara matsawa jikin juna a kan tabarma. Rubutacciyar waƙarmu, da karinta da amsa-amonta, ta fi karkata ga wa'azi da yabo da siyasa da soyayya, amma ko a cikin waƙoƙin wa'azi akwai baitocin da ke siffanta kabari da ranar hisabi da suka fi kowane labari sa tsikar jiki tashi. Mawaƙin da ya gaji wannan fasaha ba zai sha wahalar rubuta waƙa 'yar ƙwar biyar, wato mai layi biyar a kowane baiti, a kan kukan mujiya ko kan kangon gidan da aka ƙaurace wa ba.

Akwai inda ba za mu kwaikwayi Birtaniya ba, kuma a nan ne aikin edita zai yi nauyi. Yawancin masu karanta irin waɗannan labarai a can nishaɗi suke nema, ba su yarda da samuwar abin da ke tsorata su ba. Mu kuwa aljanu halitta ce da Alƙur'ani ya tabbatar, har da sura guda mai sunansu, kuma mai karatu a Katsina zai iya ajiye waya ya karanta Ayatul Kursiyyu kafin ya kwanta. Wannan yana ƙara wa labari ƙarfi, yana kuma ɗora wa marubuci alhaki. Da na kawo wa wani dattijo, tsohon malamin Hausa, wannan shawara, abin da ya fara tambaya shi ne yadda za a yi da labaran maita. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ƙagagge ne." Ya nuna mini cewa a ƙauyukanmu har gobe ana nuna tsohuwa da yatsa a ce ta kama kurwar yaro, a tilasta mata ta tsallake shi, wani lokaci a doke ta, kuma labarin da ya mayar da kowace tsohuwa mai jan ido mayya yana ƙara wa wutar nan itace. Na yarda da shi. Ba hana rubutu a kan maita za a yi ba, amma editan kirki zai fi son labarin da abin tsoron cikinsa shi ne taron jama'ar da suka kewaye gidan tsohuwar. Haka kuma labarin da ke koyar da surkullen boka dalla-dalla ba shi da wuri, domin ko ta fuskar fasaha ma ya gaza.

Tsarin ba shi da wuya. Mutum goma sha biyar zuwa ashirin daga cikin ɗaliban sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da marubutan intanet na Katsina da Daura da Funtuwa, sun isa su kafa ƙungiya su riƙa tara ɗan kuɗi kowane wata. Fitowa biyu a shekara ta wadatar, kowace da labarai shida ko bakwai da waƙoƙi kaɗan da zane a bango. A buga kofe kaɗan a maɗaba'a domin mambobi da ɗakunan karatu, sauran a raba ta waya, a kuma samu masu murya su karanta labaran a naɗa saboda waɗanda sauraro ya fi musu sauƙi. Sharaɗi ɗaya ne nake ganin ba za a sassauta ba: a zaɓi edita biyu, ɗaya na labari ɗaya na waƙa, a cire sunan marubuci kafin rubutu ya isa hannunsu, kuma a ba su ikon mayar wa shugaban ƙungiya da kansa labarinsa idan bai kai ba.