Tsutsotsin da suka biyo dutse zuwa tankina

Duwatsun da ke cikin tankin kifina na ruwan gishiri, daga bakin tekun Prampram a Ghana na kwaso su a bokiti, na hau torotoro da su har gidanmu a Nima, cikin Accra. Masu ramuka na zaɓa, don a cikinsu ƙwayoyin da ke tace ƙazantar ruwa suke zama. Ashe da baƙi na shigo gida.

Sai da aka yi kusan wata huɗu sannan muka haɗu. Ranar an ɗauke wuta tun magariba, dumso ɗin nan da muka saba, famfon tankin ya tsaya har asuba. Na haska tocila, sai ga kifina mai ruwan lemo da fararen layuka kwance a kan yashi, tsutsotsi masu jaja-jaja sun rufe shi, ko wacce da farin gashi jere a gefe biyu kamar auduga. Raina ya ɓaci. Na zura hannu haka nan na ɗauko gawar.

Wannan gashin ƙaya ne. Yana kakkaryewa a cikin fata, yatsa ya kama zafi kamar an goga barkono a miki. Yatsuna uku suka kumbura kafin hantsi.

Na kira wani dattijo a Mamobi wanda ya daɗe yana kiwon kifin teku. Ya ce kada in murza wurin, in manna salatef in fizge sau da yawa, sannan in jiƙa yatsun a ruwan khal, don ƙayar irin wannan tsutsa sinadarinta ɗaya da na alli, tsami yana narkar da ita. Na yi, zafin ya sauka. Na ce, "Baba, yau zan fitar da duwatsun nan gaba ɗaya." Ya ce, "Ɗana, dakata. Sau nawa kake ba kifin abinci?" Na ce sau uku, wani lokaci yara ma su ƙara. Ya ce, "To kai kake kiwon su. Kuma kifinka rashin iska ne ya kashe shi, su gawa suka tarar."

Da farko ban yarda ba, amma na bincika. Irin nawa sunanta Eurythoe complanata, mushe da ragowar abinci take ci, da dare take fita, tana shiga lungun da hannu ba ya kaiwa. Wadda ake tsoro ita ce Hermodice carunculata, mai kauri, da wani jan tozo a ka, wadda ke cin murjani. Tana nan a tekun Atlantika, don haka mai ɗebo dutse a gaɓarmu ya duba da kyau. Na rufe tocila da jar leda, domin jan haske ba ya korarsu sosai, na yi dare uku ina leƙe. Ban ga mai tozo ko ɗaya ba.

Manyan kawai na cire. Na huda robar ruwa, na sa ɗan guntun jatan lande a ciki, na kwantar a kan yashi bayan isha'i. Da safe na fitar da su da hantsaki, hannuna cikin safar roba. Abinci ya koma sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da kifin zai cinye a minti biyu, kwalbar abincin kuma na ɗora ta kan kabad inda yara ba sa kaiwa. Cikin wata biyu tsutsotsin suka ragu da kansu. Kuɗin da na so kashewa kan sababbin duwatsu, ƙaramin famfon iska mai batir na saya da su, yana rataye a bayan tankin, ina duba batirinsa duk Juma'a.