Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗan Hakin da Ka Raina

Makon jiya na tsaya a inda malamin da ke kula da bincikena ya ture takardata gefe. Na nemi yin digiri na uku a kan ƙananan RNA (kwafin saƙo ne da ake ɗaukowa daga DNA) da ba sa haɗa furotin, ya ce, "Shara za ki bincika?" Hujjarsa, abin da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin bai kai kashi 2 cikin 100 na DNA ɗin mutum ba, saura tarkace ne. Da na kai wa Kawu kuka, cewa ya yi, "'Yata, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido."

Alhali tun 2002 George Calin da Carlo Croce a Amurka sun gano biyu daga cikin irin waɗannan ƙananan RNA, miR-15 da miR-16, sun ɓace ko sun ragu a yawancin masu wata irin sankarar jini. Malam bai karanta ba. Ni na karanta, har yau abin na ci mini rai.

A jikinmu akwai ƙwayoyin halittar gado masu aikin birki, irin su p53 da PTEN, su ke hana tantani rarrabuwa ba kan gado. Wani ɗan guntun RNA mai haruffa kamar 22, miR-21, yana manne wa saƙon PTEN ya hana a haɗa furotin ɗinsa. PTEN na nan lafiya lau, amma an rufe masa baki, ƙari ya yi ta girma. Da idona na gani a ɗakin gwaji: ina ƙara miR-21, baƙin layin da ke nuna yawan furotin ɗin PTEN a kan fim ya koma toka-toka. Hannuna har rawa yake yi. Gwaggo na tuna, Allah ya jiƙanta, sankarar mama ce ajalinta, kuma a irin ƙarinta miR-21 kan yi yawa.

A 2024, da aka ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel kan waɗannan ƙananan RNA, sai ga saƙon Malam, wai dama ya san za su yi tasiri. Ban amsa ba. Hakin Kawu ne ya tsone shi.

Magani kam da saura. An gwada ba marasa lafiya kwaikwayon miR-34, ƙaramin RNA mai taya birki wanda p53 ke tayarwa, aka dakatar a 2016 saboda garkuwar jikin wasu ta yi mummunan bore. Mako mai zuwa zan faɗi yadda na koma wajen wani malamin, da rigimar da muka sha kan ANRIL, dogon RNA mai kulle wani birkin da ake kira p15.