Wata huɗu a tsibirin Cousin: inda na koyi riƙe hannuna

Tun muna nesa da gaɓa aka ce kowa ya riƙe katako da kyau. Matuƙin ya rage gudu yana kallon igiyoyin ruwa, sai da ya ga wadda ta yi masa, sannan ya ba injin wuta, muka taho a guje har kwale-kwalen ya hau kan yashi ya tsaya cak. Haka ake sauka a tsibirin Cousin, wanda mutanen ƙasar ke kira Kuzan. Babu matsayar jirgi, kuma da gangan aka ƙi gina ta. Jirgin baƙi ba ya taɓa ƙasa, a ruwa yake tsayawa, ma'aikatan tsibirin su je su kwaso mutane da nasu kwale-kwalen. Da na sauka aka sa na zazzage jakata, na kakkaɓe kaya ɗaya bayan ɗaya, na kankare ƙasan takalmana. Duk wannan saboda ɓera ne. Tsibirin ba shi da ɓera, ba shi da kyanwa, kuma macen ɓera ɗaya mai ciki da ta ɓuya cikin kwalin kaya ta isa ta rushe aikin shekara hamsin.

Na je ne a ƙarshen karatuna na ilimin halittu, daga ƙarshen watan Agusta zuwa Disamba. Cousin yana cikin tsibiran Saishal a Tekun Indiya, wajen kilomita 2 daga tsibirin Praslin, faɗinsa kusan hekta 30. Mutum zai iya zagaye shi da ƙafa kafin rana ta yi zafi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya cike da daji, sai wani tudun duwatsu da bai kai mita 70 ba. Daga kan tudun ana hango tsibiran da ke makwabtaka, Praslin da Cousine da Aride, ruwan kusa da gaɓa kore shar, yana ƙara duhu har ya koma shuɗi mai zurfi. Yashin gaɓar kansa ba ya zama wuri ɗaya: idan iskar kudu maso gabas ta kaɗa sai ya taru a wani gefe, idan ta juya ta koma arewa maso yamma sai teku ta kwashe shi ta kai wani gefen. Inda na taka yashi a Satumba, saiwoyin itace na tarar a Disamba.

Na zo da niyyar ceto, hannuna yana ƙaiƙayi, duk abin da na gani ina so in gyara shi. Dajin kuwa kullum cikin jarraba mai irin wannan zuciya yake. Tsuntsayen ba su san tsoron mutum ba. Payanke, farin tsuntsun teku mai dogon wutsiya kamar tsinke, a ƙasa take kwanci a gindin itace, za ka wuce taku ɗaya daga gare ta, ta bi ka da ido kawai. Golan, wata fara fat mai baƙin ido, ba ta yin sheƙa sam. Ƙwanta guda ɗaya take ajiyewa a kan reshe tsirara, inda ya ɗan lotsa, ɗan tsakon kuma yana fitowa da farata masu ƙarfi da yake maƙale reshen da su. A ƙarƙashin itatuwan ƙulɓa ce ko'ina, manya masu sheƙi, suna jiran ƙwai ko ɗan kifin da zai suɓuce daga sama. Ga manyan kunkuru irin na Aldabra suna kwance a kan hanya, sai dai ka kewaye su. Da dare kuma tsuntsayen fouke suna dawowa daga teku zuwa ramukansu a tudu, kukansu kamar na jarirai da yawa a lokaci guda. Daren farko ban runtsa ba. Warin kashin tsuntsu da cizon sauro kuwa, cikin mako biyu jiki ya saba.

Darasin da ya fi shiga jikina a bakin teku na same shi, a watan Oktoba, lokacin da kunkurun teku da mutanen ƙasar ke kira "kare" a harshensu ta fara fitowa yin ƙwai. A yawancin wurare na duniya cikin dare irin wannan kunkuru ke fitowa, amma a Saishal da rana tsaka take hawowa, shi ya sa ake iya bin ta da ido daga farko har ƙarshe. Aikinmu shi ne zagaya gaɓa sau da yawa a yini, mu nemi sawu, idan mun tarar da ita mu jira, mu ƙirga ƙwai, mu auna bayanta, mu karanta lambar ƙarfen da ke maƙale a hannunta, in babu a sa mata. An gaya mini dokar tun ranar farko: kada ta gan ka kafin ta fara zuba ƙwai. Na ji, na kuma rubuta.

Ranar da na fara haɗuwa da ita ni kaɗai, tana cikin haƙa a ƙarƙashin wani ƙaramin itace, sai na ga ƙafarta ta baya tana ta karo da wata saiwa. Ta ɗebo yashi, saiwar ta tare, ta sake, ta sake. Tausayi ya kama ni. Na ce bari in lallaɓa ta baya in janye mata saiwar. Ban kai ga taɓawa ba ta ɗaga kai, ta tsaya cik, sannan ta juya ta bar ramin a buɗe ta nufi ruwa. Ina tsaye ina kallo har igiya ta rufe ta. Wannan dabba ta yi shekaru da yawa a teku kafin ta isa haihuwa, ta ja nauyin jikinta a kan yashi mai zafi, ta kusa gama aikinta, ni na mayar da ita da cikinta.

Da na gaya wa babban ma'aikacin da ke koya mini aiki, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi: "Ɗana, ta san saiwa tun kafin a haife ka. Da ka bar ta, ko ta tsinka ta, ko ta matsa gaba ta haƙa wani. Rubuta abin da ya faru, ka rubuta dalilin." Rubuta dalilin ya fi mini nauyi fiye da faɗa. Na rubuta cewa ta fito ba ta yi ƙwai ba, saboda mai sa ido ya matsa kusa da ita.

Daga ranar na koyi kwanciya. Sai in kwanta rub da ciki a bayanta, nesa, wani lokaci sama da awa ɗaya, yashi yana ƙona gwiwar hannu, sauro yana cin wuya, ban isa in kore shi da ƙarfi ba. A nan ne na ga abin da gaggawa ta hana ni gani. Ƙafafunta na baya kamar tafin hannu suke aiki: ɗaya ta shiga ramin, ta naɗe, ta ɗebo yashi a hankali ta ajiye gefe, sannan ɗayar ta karɓa, ba tare da ta waiwaya ko sau ɗaya ba. Ramin yana fita da ƙaramin baki da faɗin ciki, kamar tulu. Idan ƙwai ya fara sauka, biyu-biyu, uku-uku, farare masu laushi, sai ta shiga wani hali kamar ba ta duniyar. A lokacin ne kawai za ka matso da tef ɗin awo. Sau da yawa ƙwan ya haura 150. Bayan kamar mako biyu za ta dawo ta sake, sau uku ko huɗu a kaka ɗaya, sannan ta ɓace shekara biyu ko uku.

Wani abin da na raina da farko shi ne rubuta sifili. Ka zagaya gaɓa cikin rana, ba sawu, ba komai, a ce sai ka rubuta lokacin da ka fita da lokacin da ka dawo, ka sa sifili. Daga baya na fahimci cewa shafin da aka bari fari ba ya gaya wa kowa ko kunkuru ce ba ta zo ba, ko mutum ne bai fita ba. Tun farkon shekarun 1970 ake wannan ƙirga a Cousin, kuma da irin waɗannan layuka marasa daɗin rubutu aka iya nuna cewa masu zuwa yin ƙwai sun ninka kusan sau takwas. A 1994 ƙasar ta haramta kashe kunkurun teku gaba ɗaya. Mutane da yawa da ban san fuskarsu ba sun rubuta sifilinsu da gaskiya kafin littafin ya iso hannuna.

Da na tsaya a nan, da na koma da rabin darasi, ina zaton kiyaye halitta shi ne naɗe hannu. Tarihin tsibirin bai yarda da haka ba. Gonar kwakwa ce a da, an sare dajin asali kusan duka. Wani ɗan tsuntsu mai ruwan ganye da ƙasa-ƙasa, timerl dezil, wanda a lokacin babu shi ko'ina a duniya sai nan, ya ragu har bai kai 30 ba, ya maƙale a ɗan kurmin fadama. A 1968 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, wadda yau ake kira BirdLife International, ta sayi tsibirin dungurungum saboda shi. Aka daina noman kwakwa, aka riƙa cire masu tsirowa, dajin ya dawo da kansa. Tsuntsun ya haura 300, tsibirin ya cika, babu sauran fili. Nan masu aikin suka sa hannu sosai: suka kama wasu da raga suka kai Aride a 1988, Cousine a 1990, Denis a 2004, Frégate a 2011. Yau sun kai dubbai, kuma a 2015 aka cire shi daga sahun masu fuskantar barazanar ƙarewa. Ƙungiyar Nature Seychelles ce ke riƙe da tsibirin yanzu.

Cikar tsibirin ma ta fito da wani abin mamaki. Da fili ya ƙare wa timerl, 'ya'ya mata da yawa sukan zauna gida su taya iyayensu kiwon ƙannensu. Wani masani mai suna Jan Komdeur ya nuna a 1997 cewa iyayen da ke da yanki mai yalwar ƙwari sun fi haifar mata, masu zama su taimaka, waɗanda yankinsu ba shi da albarka kuma sun fi haifar maza, masu tashi su tafi. Kusan kowane tsuntsu yana da zobba masu launi a ƙafa, da su ake gane shi. Na yi safiya da yawa ina ɗaga kai da madubin hangen nesa ina karanta launin zobe har wuyana ya ƙage.

Inda abin ya fi rikita ni shi ne itacen bwa mapou. Shi ne ya mamaye dajin da ya dawo, a ganyensa timerl ke samun ƙwarin da yake ci, a rassansa dubban tsuntsayen teku ke sheƙa. Amma 'ya'yansa suna da danƙo da ƙananan ƙugiyoyi. Idan suka nuna suka zubo, tsuntsun da ya faɗa cikinsu sai su manne masa a fiffike da wutsiya, yana motsi suna ƙaruwa, har ya kasa tashi, ya mutu da yunwa a gindin itacen. Na tsinci wani baƙin tsuntsun teku ya zama dunƙule guda, ido kawai ke motsi. Wannan karon aka ce in ɗauka. Na zauna na sa shi a cinya, na rufe masa kai da ƙyalle don ya natsu, ina zare ƙwayoyin ɗaya-ɗaya ta yadda gashin ya kwanta, don kada in tuge shi. Zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna da sauri kamar za ta fito. Ya ɗauke ni kusan awa. Da na kai shi bakin ruwa na buɗe hannu, ya yi jim, sannan ya tashi.

Na tambayi kaina me ya raba wannan da saiwar kunkuru. Amsar da na tsaya a kai ita ce: kunkurun tana da hanyar fita da kanta, ni ne na toshe ta; tsuntsun ba shi da ita, kuma taɓawata ba ta hana wani abu da yake cikin yi. Duk da haka ban yarda cewa layin a miƙe yake ba. Ƙwan golan da iska ta kaɗo, ƙulɓa ta fashe shi a gabana, ban hana ta ba, don ita ma 'yar tsibirin ce, abincinta ke nan. Ramin ƙwan kunkuru da aka haƙa inda teku za ta cinye, wannan mukan kwashe shi mu mayar sama, muna ɗaukar kowane ƙwai yadda yake ba tare da juya shi ba. A ganina wanda ya ce a bar komai ga halitta ya manta cewa mutum ne ya sare dajin tun farko. Wanda kuma yake son ya ceci kowane rai da hannunsa zai yi ɓarna irin tawa, da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma abin da dokar hana jirgi sauka ba ta iya tarewa. Kariyar tsibirin ta shiga teku mita 400, ba a kamun kifi a ciki, amma zafin ruwan 1998 ya kashe mafi yawan murjanin wannan yanki, wato halittun da ke girma kamar rassan dutse a ƙarƙashin teku, na 2016 ya ƙara. Idan ka nutsa za ka ga fararen karyayyun rassa zube a ƙasa, a gefe kuma waɗanda ake reno a jikin igiya ana dasawa.

A makona na ƙarshe wani rami da na sa wa alama a Oktoba ya fashe, bayan kusan kwana 60. Da la'asar yashin ya fara motsi, kai ɗaya ya leƙo, sai ga su sun ɓarke gaba ɗaya, kowanne bai cika tafin hannu ba, suna rige-rige zuwa hasken ruwa. Ba a ɗaukar su a kai su teku, da ƙafarsu ake so su taka yashin. Kaguwa ta fito daga raminta ta ja ɗaya. Wani ya kife a cikin sawun ƙafa yana ta harba hannuwa a sama. Na durƙusa kusa da shi, hannuwana a bayana, ina ƙirga numfashina. A karo na huɗu ya turo wuya ya birkice, ya bi sahun 'yan'uwansa. Bayan kwana uku muka tone ramin, na jera ɓawon ƙwai goma-goma a kan yashi, na ware waɗanda ba su ƙyanƙyashe ba, na rubuta duka a layin da na buɗe tun Oktoba.