Mayar da adireshin aro kafin a zare waya

A shagonmu na gyaran kwamfuta, gefen babbar kasuwar Maradi, kwamfuta takwas zuwa goma ke hawa teburi a yini. Kowacce sai mun soka mata wayar rezo, in aiki ya ƙare a zare, mai ita ya ɗauki abarsa. Ranar da abin ya cije, ta wani Alhaji ce ta ƙi shiga intanet, alhali fitilar ruta, na'urar da ke raba wa kwamfutoci intanet, na ƙiftawa lafiya lau. Na buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta a rezo, sai ga adireshi mai farawa da 169.254. Wannan lambar Windows ce ke laƙa wa kanta idan ta roƙi adireshi wajen DHCP, tsarin da ruta ke raba adireshi da shi, ba a kula ta ba.

Da na buɗe shafin ruta na gano bakin zaren. Daga 192.168.1.100 zuwa 192.168.1.130 take rabawa, adireshi 31 kacal, wa'adin kowane kwana 7. Duk sun ƙare, kuma fiye da rabi na hannun kwamfutocin da suka koma gida tun kwana biyar. Ruta aro take bayarwa, ta rubuta a kan lambar MAC ta mai karɓa, wato lambar shaidar katin rezonsa. Zare waya ba ya gaya mata komai. Kashe Windows ma, a yadda take zuwa, ba ya mayar da aron. Sai wa'adi ya cika.

Yanzu kafin mu zare, muna buɗe Command Prompt mu rubuta ipconfig /release. A Linux mai manhajar karɓar adireshi ta dhclient kuwa, sudo dhclient -r da sunan katin rezo, misali enp3s0. Sannan a zare wayar.

Wannan jerantawar ita ce duk maganar. Saƙon sakin, DHCPRELEASE, guda ɗaya ne tak, ta UDP (hanyar aika saƙo marar tabbacin isa) zuwa ƙofa ta 67, kuma ruta ba ta amsa cewa ya iso. Yaron shagonmu ya taɓa zarewa tukun sannan ya buga umarnin, Windows ta ce masa babu haɗi, adireshin ya zauna a ruta daram. Haka in ka saki sannan ka sake kunna kwamfutar da waya a jiki: za ta sake roƙo, galibi a ba ta wanda ta mayar ɗin. Kuma kada ka kuskura ka saki a kwamfutar da kake sarrafawa daga nesa, reshen da kake zaune a kai ne ka sare.

Sai dai umarnin bai isa magani ba. Wa zai tsayar da mai salula ya ce, Malam, saki adireshi kafin ka fita? Ga shi tun Android 10 da iOS 14 salula na ƙirƙiro MAC na bogi, wani lokaci guda ɗaya ta ci adireshi biyu. Don haka na rage wa'adi zuwa awa 2. Na'urar da ke nan tana sabuntawa da kanta a rabin wa'adi, wato bayan awa ɗaya, mai ita bai ma sani ba. Wadda ta tafi, nata ya dawo hannun ruta kafin la'asar. Na faɗaɗa rabon zuwa 192.168.1.200, firinta kuma na keɓe mata 192.168.1.20 a kan MAC ɗinta.