Sarkin da ya taka kogi: abin da na gani a Faris

Sanyin Faris da tsadar kofin shayi sun kusa hana ni fita, sai mai masaukina, wani dattijo ɗan Damagaram, ya ce ai ba zan koma gida ban ga gidan buga kuɗi na Monnaie de Paris ba. Shi ya biya mana kuɗin shiga, na yi na yi ya ƙi karɓa. "Haba ɗana, baƙo da biya?" Allah ya saka masa.

Lambobin tunawa na ƙarfe na Sarkin Faransa Luwi na 14 ne suka tsayar da ni. Tun 1663 aka kafa majalisar masana da aikinta ya haɗa da tsara musu zane da rubutun Latin, a 1702 kuma aka fito da littafi mai lambobi 286. Kirari ne irin na maroƙan fada, sai dai an zuba shi a tagulla da azurfa. Sarki shi ne rana. Nasara mace ce mai fikafikai, riƙe da rawanin ganye. Birni mace ce da ganuwa a ka, kogi kuwa tsoho ne mai gemu jingine da tulu. A lambar ƙetare kogin Rayin na 1672, sarki ya taka tsohon nan da ƙafa, alhali mahaya ne suka faɗa ruwa, wasu suka nutse, shi yana gaɓa yana kallo. Wannan ya tsaya min a rai ƙwarai. Na yi ta neman sojojin da suka mutu a jikin ƙarfen, ba su.

Wata ma'aikaciya mai fara'a, abin da ya yi ƙaranci a garin da ko gaisuwa ba a cika amsawa, ta ce abokan gaban sarkin sun rama da salon nan. Ranar 12 ga Mayu 1706 aka yi husufin rana daidai lokacin da Faransawa ke janyewa daga Basalona, sai abokan gaban suka buga lambobi da rana ta dushe.

Shagon gidan buga kuɗin na sayar da sababbin bugun lambobin, amma ba ciniki, ba ragi, farashin kuma ya fi ƙarfina. Washegari muka leƙa fadar Basai (Versailles), inda Sarki Luwi ya zauna, ana ruwa, ga cunkoso. Daga nan sai filin jirgi.