Keke ya koya mini zaman Faransa

A Maraɗi mai albashi ba ya hawa keke. Keke na ɗan makaranta ne da mai kai ganye kasuwa, kuma da zarar Allah ya buɗa wa mutum sai ya sayi babur. Shi ya sa da na sauka Strasbourg, a gabashin Faransa, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ganin likita da malamin jami'a da dattijuwa mai furfura fari fat duk suna taka keke, wata uwa kuma ta zuba 'ya'yanta biyu a akwatin gaba za ta kai su makaranta. Birnin da kewayensa suna da hanyar keke ta fiye da kilomita 600.

Faransanci bai wahalshe ni ba, tun firamare muke yin sa. Kaɗaici ne ya ci ni. A cikin tram, ƙaramin jirgin ƙasan da ke zagaya cikin gari, kowa kansa na kan waya, ka je aiki ka dawo ba wanda ya tambaye ka yaya gida. A wannan lokaci na shiga kallon wani shiri na mai barkwanci da ke zagaya ƙauyukan Faransa bisa keke. Ya isa gari da yunwa ya tarar duk kantuna sun rufe don cin abincin rana, ya shiga shago bai gaida kowa ba a share shi. Masu kallo na ta dariya. Ni kuwa abin da shi yake wucewa ya yi raha da shi, shi nake fama da shi kullum, don ba wucewa na zo yi ba. Amma na lura da abu guda: duk inda ya jingine kekensa, wani zai matso ya yi masa magana.

Na sayi tsohon keke a wajen wata ƙungiya mai ɗakin gyara, inda ake ara maka sufana da famfo ka gyara abinka da hannunka. Babu mai faci a bakin titi a nan, kuma kuɗin aikin hannu na da tsada. Wani tsoho da ya yi ritaya ne ya koya mini. Ya sa na ciro tub, na hura masa iska, na tsoma a kwanon ruwa ina juyawa a hankali har kumfa ta fito siririya. Ya miƙo mini alli na zagaye wurin, na kankare, na shafa gam. Ina shirin manna facin ya riƙe mini hannu ya ce, "Saurayi, dakata ya sha iska tukuna." Na ce, "To, Baba." Shi ne Bafaranshen farko da ya tambaye ni sunan garinmu, ya kuma maimaita har ya iya faɗa.

Shi ya karanto mini dokoki: farar fitila a gaba, ja a baya, yaro ƙasa da shekara 12 dole ya sa hular kwano, wanda kuma aka kama da abin sauraro a kunne yana tuƙi tarar Yuro 135 ce. Tun 2021 ake buga wa sababbin kekuna lamba saboda yawan sata.

Ranar Asabar nakan bi gefen mashigin ruwan Bruche zuwa Molsheim. Da ka bar cikin gari, mutanen nan da suka ɗaure fuska a tram su ne ke ce maka "bonjour" suna wucewa. Na gane gaisuwa na da nauyi a wurinsu, sai dai tana da wurinta. Ba ka shiga shagon burodi ka nuna abin da kake so ba ka gaida mai shi ba. Burodin ma ba abin wasa ba ne: wata doka ta 1993 ta kayyade abin da za a sa a baget na gargajiya, wato dogon burodin nan nasu, kuma a 2022 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka shi cikin al'adun duniya da ake karewa. Nakan sayi ɗaya da zafinsa, in soke a bayan keke, in tsaya inda manyan tsuntsayen nan farare, dangin shamuwarmu, suka yi sheƙa bisa rufin gidaje.

Lahadi kam sai ka shirya tun jajibere. Yankin Alsace ya zauna ƙarƙashin Jamus daga 1871 zuwa 1918, kuma har yau yana da wasu dokokinsa daban, ciki har da tsananta rufe kantuna ranar Lahadi.

A babban masallacin da aka buɗe a 2012, wani Alhaji ɗan Damagaram yakan tare ni bayan Juma'a: "Kai ƙanena, har yanzu ba mota?" Nakan ce, "Alhaji, kuɗin inshora da mai gara su je wa Inna." Gaskiyar kenan. Ko cefane da keke nake yi: in haye gadar masu ƙafa da kekuna da aka buɗe a 2004 bisa kogin Rhin, in shiga Kehl ta Jamus inda wasu kaya suka fi araha. Katin izinin zama ba ya barin aljihuna, don tun 2024 Jamus ta dawo da bincike a iyakokinta.

Hunturu ne mai wuya. A Disamba kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa, yatsu su sandare ko da safar hannu, ƙanƙara ta sa titi santsi. Wasu safiyoyin nakan haƙura in hau tram.

Kwanan nan wani yaro ya zo karatu daga Tawa, yana zaune a ɗaki ba ya fita sai aji. Asabar mai zuwa zan kai shi wajen Baba ya zaɓi keke, kuma na riga na gaya masa ya ware kuɗin kwado mai ƙarfi kafin komai.