Famfon FJ40 ya daina kuka, sitiyari ya yi laushi

Jama'a, alhamdu lillahi, yau na murɗa sitiyarin Land Cruiser FJ40 ɗina da hannu ɗaya tana tsaye cak a kan siminti, kuma famfon da ke tura mai don sitiyari ya yi laushi bai ce uffan ba.

Akwatin sitiyarin FJ60, wani samfurin Land Cruiser, na ɗaura mata a gaban shasi, gefen direba. Tsohon akwatin da hannun tsakiyar nan mai tara wasa duk sun fita. Mun yi wa shasi waldar faranti, muka zura bututun ƙarfe a kowane rami don kada noti ya matse shi ya lotsa. Mazaunin shokazoba ma sai da ya matsa baya. Sai da Toyota ta kai 1979 kafin ta fara sa wa FJ40 sitiyari mai famfo daga kamfani, tawa kuwa ta girmi shekarar, don haka mazaunin famfo a jikin injinta, samfurin 2F, ƙera shi muka yi.

Duk wannan bai ba ni wahalar da kumfa ta ba ni ba. Da safe shiru. Da zarar inji ya ɗau zafi sai famfo ya fara kuka, ka buɗe tankin mai ka tarar jan ATF, wato man giyar otomatik da na zuba wa famfon, ya koma ruwan hoda, yana tashi kamar an kaɗa sabulu. Na ɗaga gaba a jak, inji a kashe, na yi ta kai sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu har kumfar ta kwanta. Washegari ta dawo. Na ƙara ɗaure bel, na aza ƙarfe miƙaƙƙe a kan fuli biyun na ga sun daidaita. Na shimfiɗa kwali a ƙasa ta kwana a kai, ko ɗigo babu. A garejinmu kowa cewa yake famfon ya mutu, in sayi wani. Raina ya ɓaci sosai, domin tiyon matsi kaɗai da aka haɗa min ya ci kusan rabin kuɗin akwatin, ga mai da nake ta zubarwa.

Abin da ya ɓoye matsalar shi ne, ɓangaren da famfo ke zuƙo mai ba ya yoyo waje, iska yake ja ciki. Ba za ka taɓa ganin jiƙa ba. Na kunna inji ya yi zafi, na riƙa shafa giris mai kauri a mahaɗa ɗaya bayan ɗaya ina kasa kunne. Ina shafawa a inda bututun shiga ya haɗu da jikin famfo, kukan ya faɗi nan take. Da na kwance, zoben robar ciki ya bushe ya baje, ina lanƙwasa shi ya tsage. Famfon ba sabo na saya ba, wa ya san shekarun da ya yi a ajiye.

Sabon zobe, sabon kilif, na sake fitar da iska. Na zaga da ita cikin zafin azahar, na dawo mai yana nan ja garau.

Saura sitiyarin da ya ɗan karkace hagu in tana tafiya miƙe. A sandar da ke haɗa akwati da taya zan gyara shi, ba zan zare sitiyarin ba, don akwatin ya zauna a tsakiyarsa. Wanda ya taɓa sa wa wannan tsari abin sanyaya mai, ya gaya min inda ya ɗaure shi, don zafin Afrilu na tafe.